Kamfanin abinci ya ciyo bashi ya sayi hannun jarinsa, ni dai ban yarda ba

Jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu nan Jidda sai ga wani ƙanena da ya fara sayen hannun jari ta waya a Tadawul, wato kasuwar hannun jarin Saudiyya, yana ta zumuɗi wai shi yanzu kamfanin abincin da ke sayen hannun jarinsa da kansa kawai yake nema, don irinsu ne farashinsu ke tashi. Na ce ƙanena zauna tukuna mu yi magana.

Abin kamar mutum goma ne suka haɗa kuɗi suka buɗe gidan abinci, sai aka ɗebi kuɗin shago aka sallami biyu, toh yanzu mutum takwas ne za su raba riba. Rabon kowa ya ƙaru, amma fa ko cinyar kaza ɗaya ba a ƙara sayarwa ba. In rarar kuɗi ce da aka rasa inda za a sa, ba ni da ja. Inda raina ke ɓaci shi ne a je a ciyo bashi mai ruwa don a yi wannan.

McDonald's sun yi haka, daga 2014 zuwa 2016 sun mayar wa masu hannun jari dala biliyan 30, rabon riba da sayen hannun jari, da bashi a ciki, har a ƙarshen 2016 a littafin lissafinsu abin da ake binsu ya fi kadarorinsu. Su suna iya ɗauka saboda yawancin rassansu wasu ne ke gudanarwa, su haya da kaso suke karɓa duk wata, amma ƙaramin kamfani da zai kwaikwaye su wallahi da wuyansa yake wasa. Starbucks masu shagunan kofi ma a Afrilun 2022 da Howard Schultz ya dawo shugabanci dakatar da sayen ya yi, ya ce a sa kuɗin a ma'aikata da shaguna.

Ni shekara shida na yi a kicin, a wani wuri da ba zan ambaci sunansa ba. Injin suya yana ɗigar mai muna shimfiɗa kwali a ƙasa kar mutum ya zame, na'urar sanyaya kicin ta mutu a tsakiyar zafin Jidda rigarka sharkaf tun kafin azahar, ka je wajen mudir, wato manaja, ya ce babu kuɗin gyara, kuma ba ƙarya yake ba, akwai bashi a kan wurin, banki ne ke fara ɗaukar nasa. Da korona ta zo a 2020 aka sa dokar hana fita, bashin nan bai san an rufe shago ba, albashinmu aka fara taɓawa. Har yau in na tuna wani ɗan'uwanmu mai 'ya'ya huɗu da aka sallama a lokacin sai jikina ya yi sanyi.

Ga kuma maganar addini, ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashi mai ruwa kar ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa, kun ga kamfanin da ke ta tara bashi yana iya fita daga wanda ya halatta ka saya kai baka ma duba ba.

Albaik, gidan soyayyen kaza, ga shi nan tun 1974 a garin nan, na iyali ne baya kasuwar hannun jari, kuma layin ƙofarsa kowa ya sani. Na ce wa ƙanena kafin ya sa riyal ɗaya ya buɗe rahoton kamfanin ya nemo min nawa ake binsu, kuma da wane kuɗi za su yi sayen. Ya ce ranar Juma'a zai kawo min.