Su sun ce dutse ya cika, mu a tasha kullum saura mutum ɗaya

Asabar ɗin da ta wuce muna waya da Yayana da ke Kantin Kwari yana ta mitar kasuwa ta tsaya cak ba ciniki, ni kuma don in ɗauke masa hankali sai na ba shi labarin wani wurin wasan zamiyar ƙanƙara a nan jihar Kolorado ta Amurka da ya taɓa ficewa daga yarjejeniyar da take kawo masa dubban mutane, wai don kwastoma sun yi masa yawa. Ya yi shiru har na zaci sabis ne ya ɗauke, can sai ya ce, kai ɗan'uwa mutanen nan naku lafiyarsu ƙalau kuwa, mu muna nan muna addu'ar Allah ya kawo mai saye su kuma suna kora? Na yi dariya na ce Yaya ai shi ya sa nake ba ka labarin. Amma da na ajiye waya maganar ta ƙi barina, don ni kaina ina cikin waɗanda aka kora ɗin.

Bari in fara da yadda abin yake don wanda bai taɓa gani ba. Dutse ne dogo dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, ka ɗaure wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, wata kujera da ke rataye a jikin waya ta ɗauke ka ta kai ka sama, kai kuma ka sulalo ƙasa, ka sake bin layi, haka har yamma. Shi ke nan wasan. Da na zo ƙasar nan na ɗauke shi aikin marasa aikin yi, yaran gidana ne suka ja ni ciki, yanzu kuma kunya ta hana ni faɗin yawan Asabar ɗin da na ɓatar a kansa.

Kuɗin shiga shi ne tushen rigimar. Tikitin wuni ɗaya a manyan wuraren kamar Vail yana haura dala 300 lokacin hutu, wanda ba mai hankalin da zai riƙa biya shi da iyalinsa. A 2008 kamfanin Vail Resorts ya fito da abin da ya kira Epic Pass, tikiti ɗaya na kaka guda a kan dala 579, ka shiga duk duwatsun da ke cikin tsarin ko kullum ne ka ga dama. Dabarar a fili take, za ka biya tun bazara kafin ƙwayar ƙanƙara ɗaya ta sauka, kamar wanda ya sayi gero tun yana tsaye a gona, in damina ta yi kyau ka ci riba in ba ta yi ba kai ta shafa, su dai kuɗi sun riga sun shiga aljihu. A 2018 wani kamfanin, Alterra, ya fito da nasa mai suna Ikon Pass, aka koma gasa tsakanin manya biyu. To ka san halin ɗan Adam, Bature ne ko Bahaushe, in ya riga ya biya sai ya fanshe kuɗinsa, ko jikinsa na ciwo sai ya fita, kamar mu a gidan biki da aka ce kowa ya zuba da kansa.

Wurin da nake magana a kai sunansa Arapahoe Basin, mutanen nan A-Basin kawai suke ce masa. Tsohon wuri ne, tun 1946 yake, kuma ƙarami in ka haɗa shi da maƙwabtansa Keystone da Breckenridge. Ba otal a gindinsa, ba gari, ba manyan shaguna, daga filin fakin sai dutse. Ƙololuwarsa ta kusa mita 4,000, kai ko filin da ake ajiye motocin ya fi Chappal Waddi na Taraba tsawo, wanda shi ne mafi tsawon dutse a Najeriya. Saboda wannan tsawon ƙanƙararsa tana daɗewa, sau da yawa su buɗe a Oktoba su kai har Yuni, a 2019 ma har ranar 4 ga Yuli mutane na sulu a kai wasu da gajeren wando. Layin farko na fakin ɗinsu ana ce masa The Beach, wai bakin teku, mutane su buɗe bayan mota su kunna gawayi su gasa nama da karnukansu a gefe, in ka cire karnukan da kwalaben wallahi sai ka ce majalisar bakin titi ce a unguwarmu.

Alaƙarsa da Vail ta samo asali tun 1997, lokacin da Vail ya sayi kamfanin da ke da Keystone da Breckenridge da shi A-Basin ɗin, hukumar shari'a ta Amurka ta ce a'a kun tara da yawa sai kun sayar da ɗaya, aka sayar da A-Basin ga wani kamfanin Kanada, amma aka bar shi cikin tikitin Vail. Shekara 22 ana haka. Sai a Fabrairun 2019 suka fito suka ce in kakar ta ƙare sun fita, kuma dalilin da shugaban wurin Alan Henceroth ya bayar ba wai dutsen ne ya kasa ɗaukar mutane ba, don lokacin ma suka gama ƙara sabon yanki, matsalar wurin ajiye mota ce da ɗakunan cin abinci da sauran gine-gine.

Wanda bai taɓa shiga wannan cunkoson ba zai ɗauka tsabar shagwaɓa ce. Ni na shiga, ba a can ba, a wani dutsen daban da ba zan kama sunansa ba. Wata Asabar a Fabrairu muka yi sallar asuba muka loda yara a mota da filas ɗin shayi da burodi, tafiyar da a ranar aiki ba ta wuce awa ɗaya da rabi sai da ta ci mana awa uku da wani abu a kan babbar hanyar I-70, mota a bayan mota har ramin Eisenhower inda hanyar ta huda cikin dutse, autana tun rabin hanya yake cewa Baba fitsari, ba inda za ka tsaya, dama dutse hagu mota. Da muka isa wani yaro da jar riga ta masu ba da hannu yana tsaye a bakin fakin yana kaɗa hannu, ko gilashi bai bari na sauke ba, ya cika, wuce. Muka wuce na biyu, ya cika. A na uku muka samu, muka jira bas ta kwaso mu, muka shiga layin kujera na kusan minti arba'in don sulun da bai kai minti bakwai ba, ƙafata ta mutu a cikin takalmin roba mai tauri, yatsuna kamar ba nawa ba. Uwargida da ta zauna a ɗakin cin abinci ta rasa kujera, a tsaye ta sha shayinta jingine da bango kusa da ƙofar banɗaki. A hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan sai da muka kusa gida ta ce, Baban yara wannan ne hutun?

Don haka da A-Basin suka ce sun fita na gane me suke nufi, kuma har yau ina ganin sun yi daidai. Wurin a maƙale yake a ƙwarin dutse, ƙasar kuma ta gandun dajin gwamnatin tarayya ce, haya suke yi, ba za su tashi da safe su kawo katafila su share sabon fili ba. Titin da ya bi ta ƙofarsu, US 6, shi ne wanda tankokin mai ke bi su haura ta saman dutse a wurin da ake kira Loveland Pass saboda an hana su shiga ramin Eisenhower, ka ga mutum ya faka a gefen wannan titin ya sauko da yara da kaya a kafaɗa ga tanka na saukowa a kan santsi, ai ba sai an yi maka bayani ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma su da suke dafa dambun su suka fara gani.

Inda na tsaya ina tunani shi ne mu a gida ba mu da kalmar ya cika. Ka je tasha, Golf ta ɗauki huɗu a baya biyu a gaba, ɗan kamasho yana nan yana ihu saura mutum ɗaya, kuma wannan mutum ɗayan ba ya ƙarewa. Gidan biki an yi abincin mutum ɗari mutum ɗari uku sun zo, ba wanda za a mayar, a ƙara ruwa a miya kowa ya samu. Asibiti, aji a makaranta, filin Idi, duk haka. Akwai alheri a ciki wanda ban taɓa ganin girmansa ba sai da na zo ƙasar da ake kaɗa maka hannu a ce wuce, a wajenmu kunya ce ka ce wa mutum babu wuri. Amma kada mu yaudari kanmu, kowa yana shiga ne kowa kuma yana wahala, kuma direban da ya ɗora mutum na bakwai ba don zumunci ya yi ba, kuɗin kujerar yake so, in taya ta fashe a hanyar Zariya ba ɗan kamashon ne a ciki ba. Tikitin shekara ma haka yake, kamfanin da ya sayar yana can ofis, wanda ke fama da taron yana bakin fakin da jar riga. A 2021 Vail ya rage kuɗin Epic Pass da kashi 20 cikin ɗari, aka sayi fiye da miliyan biyu, duwatsun kuwa ba su ƙara faɗi ba.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da masu yabon A-Basin ba sa son a taɓo. Waɗanne mutane ne taron? Ni ne. Ni da ɗan Habashan da ke tuƙa tasi a Denba babban birnin jihar, da ɗan Meziko mai aikin gini, da ɗalibai, mutanen da in ba don wannan tikitin mai rahusa ba har abada dutsen nan sai dai mu gan shi ta gilashin mota. Duk lokacin da na ji tsofaffin 'yan wasan suna cewa a da wurin nan shiru ne kafin masu Epic su zo, kunnena yana jin wani abu daban, don a da ɗin da suke kewa babu irina a ciki. Kuma a ƙasar nan in an ce za a rage mutane, yawanci da kuɗi ake ragewa, ba za a ce maka kada ka zo ba, farashi ne zai faɗa maka cikin ladabi.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a ƙirga kai. Su A-Basin ɗin sun gwada haka, wata shida bayan sun sanar za su bar Epic, a Agustan 2019, suka shiga Ikon amma da iyaka, kwana bakwai ga mai babban tikiti, kwana biyar ga mai ƙarami, kuma mutane sun ragu. Lokacin korona ma da aka rufe duk duwatsun Kolorado a Maris 2020, da suka sake buɗewa a ƙarshen Mayu mutum 600 suke ɗauka a rana kuma ƙuri'a ake jefawa, mai kuɗi da talaka duk hula ɗaya. Ba wai ina haɗa ibada da wasa ba, Allah ya kiyaye, amma ko aikin Hajji kujeru ake warewa kowace ƙasa, Rauda a Madina ma yanzu sai ka ɗauki lokaci a manhajar Nusuk, kuma ba mu ce an wulaƙanta mu ba, mun san wurin ne ba zai ɗauke mu gaba ɗaya ba. Matsalarmu da ƙirga kai a gida ba ƙirgan ba ne, mai riƙe da littafin ne, duk wanda ya taɓa jin labarin 'yan cuwa-cuwar tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna kafin a koma saye ta intanet a 2021 ya san abin da nake nufi.

Ƙarshen labarin A-Basin kuwa shi ne ya fi ba Yayana dariya. A Fabrairun 2024 aka sanar Alterra, masu Ikon Pass, za su saye wurin ɗungurungum, a Nuwamba ciniki ya faɗa, kuma daga kakar 2025 zuwa 2026 mai babban Ikon yana shiga ba iyaka kamar yadda masu Epic suke yi a da. Yaya ya ce to ai an gudu ba a tsira ba, ungulu ta koma gidanta na tsamiya, ni ma ban iya musa masa sosai ba. Abin da ya bambanta yanzu shi ne ƙirgan ya koma kan mota, ranakun ƙarshen mako a tsakiyar kaka sai ka kama wurin fakin ta intanet tun kafin ka baro gida, dala 20, amma in kun kai mutum huɗu a mota kyauta ne. Akwai kuma bas ɗin gwamnatin jiha, Snowstang, da ke tasowa daga Denba ranakun ƙarshen mako, wadda na daɗe ina cewa zan gwada ban gwada ba saboda yara da kaya.

Mu a gidana uku ne masu zuwa, ni da yara biyu, uwargida tun ranar shayin nan a tsaye ta ce ita ta yafe. Dala ashirin ba za ta kashe ni ba amma jinin Kwari ne a jikina, ba zan biya abin da zan iya samu kyauta ba. Shi ya sa duk daren Alhamis za ka gan ni a guruf ɗin WhatsApp na 'yan Najeriya da ke nan ina rubuta, jama'a wa zai je dutse Asabar, akwai shayi akwai burodi, saura mutum ɗaya. Makon jiya wani ɗan Damagaram ya ce zai zo, amma shi fa ba zai hau komai ba, zai zauna a mota ne da hita a kunne.