Maganin da aka ce "na halitta" ma yana da awo

Shekara shida ke nan ina shan maganin tayirod a nan Amurka. Ina nufin ƙwayar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tawa ba kumbura ta yi ba, lalaci ne ya kama ta: jin sanyi ko da rani, gashi na zuba, barci ba ya isata. Likita ta ɗora ni kan levothyroxine, ƙwaya ɗaya kullum.

Wata baturiya da muke aiki tare ce ta fara yi mini tallar nata, Armour Thyroid. Wai na halitta ne, ba haɗin masana'anta ba, don haka ba ya cutarwa. Tana magana ina tuno masu magani a Kasuwar Kurmi, suna rantsuwa cewa nasu saiwa ce zalla. Ashe wannan sakin jiki da duk abin da aka ce daga daji ko dabba ya fito ba mu kaɗai ke da shi ba.

Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne daga ƙwayar wuyan alade ake yin sa, a busar a niƙa. Ga musulmi wannan tambaya ce da ya kamata a kai wa malamai, balle akwai madadinsa. Amma ko an ajiye maganar alade, akwai lissafi. Ƙwaya mai miligiram 60 tana ɗauke da sinadarai biyu da ƙwayar wuya ke fitarwa, T4 maikirogiram 38 da T3 maikirogiram 9, wato kusan 4 bisa 1. Wuyan ɗan Adam kuwa kusan 14 bisa 1 yake fitarwa. Shi T3 ɗin gaggawa gare shi, yana hawa cikin jini da sauri ya sauka da sauri. Shi ya sa wasu ke fama da faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu da rashin barci, har likitoci kan raba musu ƙwayar biyu, safe da rana. In ya yi yawa na tsawon lokaci, bugun zuciya kan rikice, ƙashi ya yi rauni, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ba ta taɓa ba irin wannan magani amincewarta ba, kuma a 2020 an janye wasu rukunin NP Thyroid, wani irinsa na wani kamfani, daga kasuwa saboda ƙarfinsu ya zarce abin da aka rubuta a kwalba.

Ban ce ba ya yi wa kowa amfani ba. Akwai waɗanda suka fi jin daɗinsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙara wa kai awo don an tashi da kasala.

A gida matsalar ta wata fuska ce. Gwajin TSH, na jini da ke nuna aikin ƙwayar wuya, sai babban asibiti ko ɗakin gwaji mai tsada. Wata gwaggota a kemis take sayen maganin tayirod ɗinta, in ta ji sauƙi ta ajiye, in jiki ya yi nauyi ta koma. Nan gwajin na kusa amma ana bin ji a jika, can kuma ana bin ji a jika don gwajin ya yi nisa. Alhali in an canza awo, sai an jira mako 6 zuwa 8 a auna jini kafin a sake taɓawa.

Sai kuma lokacin sha. Da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin shayi da madara. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam a ba su tazarar awa 4. Na yi wa Gwaggo bayani ta waya, ta ce, "To 'yar nan, da azumi fa? Wa zai zauna awa ɗaya yana kallon tuwon sahur?" Ni dai likitata ta mayar mini da shi dare, awa 3 bayan abincin ƙarshe. Na ce ta tambayi nata likitan. Ta ce sai dai bayan Sallah.