Hotunan kamun da har yau ake min gori

Kun dai san bikin ƙanwata da aka ce ni zan ɗauki hoto tunda kyamarar Baba, Yashica, na hannuna. Kamu bayan magariba ne a tsakar gida, shi ya sa na ba autanmu kuɗi na ce fim mai lamba 400 za ka siyo, har a takarda na rubuta masa, don mai 100 na rana ne, hasken da yake ci ya ninka na mai 400 sau huɗu. Ashe yaron nan Kodak mai 100 ya siyo ya soke canjin, ya cusa a kyamara da kansa wai taimakona yake, ni kuma na murɗa ASA, wato abin saita lambar fim a jikin kyamara, kan 400 hankali kwance. Ana fara guɗa aka ɗauke wuta, batirin filasha ya ce ga garinku, sai ƙwai biyu na janareto.

Ranar da na karɓo, mai wankin ya ɗaga negatif sama ya ce malam a cikin rijiya ka ɗauka? Na ce dai buga min haka. Na shigo gida na tarar mata sun cika falo, aka warce ambulan ɗin tun ban zauna ba, aka yi tsit, sai wata ta ce wannan amarya ce ko labule. Hoto 36 jama'a, duhu ne da dishi-dishi, sai haƙora da ɗan ƙyallin sarƙa, ana miƙa wa juna ana canke, ni ina tsaye riƙe da takalmina ina bayanin lamba 100 da 400 ba mai saurare.

Gwaggo ce ma ta fi ƙona min rai, matar da ta canza leshi har uku daren nan tana ja min hannun riga ɗauke ni nan ɗauke ni can, ita ce ta ce dama tun ina yaro ba na gani da daddare. Kuma ita kaɗai hotonta ya ɗan fito don ta kafe a ƙarƙashin ƙwan ta tare kowa, ta ɗauke shi ba ta biya ko sisi ba, yana nan a bangon ɗakinta.

Auta kuwa cewa ya yi ai duk fim fim ne. Canjin ma tsire ya ci da shi.