Borrow da lend, da sauran kalmomin Turancin da ke ɗana mana tarko

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina son mu tattauna, yau dai Allah ya yi.

Kwanan baya wani ƙanena ya turo mini takardar neman aiki da ya rubuta da Turanci, ya ce in duba masa kafin ya aika. Yaro ne mai ƙoƙari, kuma tsarin takardar ya burge ni. Amma ina shiga sakin layi na biyu sai na ci karo da inda yake cewa ba ya son ya "loose" wannan dama. Can gaba kaɗan kuma ya rubuta "my teachers always advice me". Da na nuna masa sai ya ce, "Yaya, ai kwamfuta ba ta ja jan layi a ƙarƙashinsu ba." Kuma gaskiyarsa. "Loose" kalmar Turanci ce lafiyayya, haka ma "advice", wurin da ya ajiye su ne ba nasu ba. Manhajar gyaran rubutu ta fi ƙwarewa wajen kama harafin da ya faɗi, amma kalmar da ta zauna a kujerar 'yar'uwarta sau da yawa wuce ta take yi. Wanda zai karanta takardar kuwa ba zai wuce ta ba.

Na san da yawanmu mun ajiye hotunan jerin kalmomin nan masu rikitarwa da ake ta yaɗawa, guda hamsin, guda ɗari. Ƙanen nan nawa ma yana da su fal a wayarsa. To me ya sa ba su yi masa magani ba? A ganina, galibin waɗannan jerin an tsara su ne domin ciwon Bature, wanda ya sha Turanci a nono. Ciwonmu daban, nasa daban, kuma wanda bai san inda ciwonsa yake ba haddar jeri ba za ta warkar da shi ba.

Bari in fara da nasu. Bature ya iya magana kafin ya iya rubutu, saboda haka kunnensa ne ke yaudararsa. Rubutun Turanci kuwa ya daɗe da raba hanya da furucinsa. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, aka fara daskarar da yadda ake rubuta kalmomi, alhali a daidai wannan zamanin, daga wajen 1400 zuwa 1700, furucin dogayen wasulan harshen yana ta sauyawa. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. Ga kuma kalmomin Faransanci da suka kwararo bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, ga na Latin, ga na mutanen arewacin Turai da suka zauna a ƙasar tun kafin nan, waɗanda daga wurinsu aka samo "they" da "their". Sakamakon haka shi ne kalmomi birjik masu sauti ɗaya da rubutu daban. Shi ya sa za ka ga ɗan Landan ya rubuta "there" a wurin "their", ko "your" a wurin "you're", har ma ya rubuta "could of" a madadin "could have". Mu da muka fara haɗuwa da Turanci a kan allo da littafi, da wuya ka ga mun rubuta "could of".

A cikin wannan rukuni, wadda ta fi kama kowa da kowa ita ce "its" da "it's", kuma ina tausaya wa duk wanda ta kama, domin hankali ne ya kai shi. An koya maka cewa mallaka a Turanci da waƙafin sama ake nuna ta, kamar "the teacher's book". To me zai hana abin da yake na "it" ya zama "it's"? Thomas Jefferson da kansa haka ya rubuta a daftarin sanarwar 'yancin kan Amurka a 1776. Daga baya ne ƙa'ida ta tsaya a kan cewa wakilan suna na mallaka ba sa ɗaukar wannan alama: "his", "hers", "ours", "its". Yanzu "it's" taƙaitawa ce kawai ta "it is" ko "it has". Gwajin ba wuya. Ka warware ta ka karanta. In "it is" ta zauna daram a jimlar, sa alamar. In ta yi banbarakwai, cire.

Yanzu mu dawo gida, domin nan ne maganata take.

Ka dubi "borrow" da "lend". Bature ba ya cika rikita su, mu kuwa kullum. Dalili a bakinmu yake. Muna cewa "na ari littafinsa", muna kuma cewa "ara mini littafinka". Saiwa ɗaya ce take aikin karɓa da aikin bayarwa, 'yar ƙaramar "mini" ko "masa" ce ke nuna inda abin ya nufa. Haka rance yake: na ranci kuɗi, ranta mini kuɗi. Don haka idan Bahaushe ya ce "borrow me your pen", ba jahilci ya yi ba, nahawun Hausa ya bi tsaf, ya sa masa rigar Turanci. Turanci kuwa ya raba aikin biyu. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Abin da ya taimake ni shi ne na daina riƙe kalmomin su kaɗai, na riƙe su da 'yan rakiyarsu: "borrow from", "lend to". Da zarar ka ji "from" ka san abu yana tahowa, da ka ji "to" ka san yana tafiya.

Sai babbar yaya, wato "ji". Ina son wannan kalma ƙwarai, domin ban san wata kalmar Turanci da ke ɗaukar kayan da take ɗauka ba. Muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin zafi, muna jin daɗi, muna jin tsoro, muna jin Larabci. Turanci sai ya rarraba wannan aiki ga "hear" da "listen" da "smell" da "feel" da "taste" da "understand". Wanda ya fara haɗuwa da "hear" a matsayin fassarar "ji" sai ya ɗora mata duka kayan, ka ji ana "I am hearing a smell" ko "I hear Arabic". Ko tsakanin "hear" da "listen" ma akwai tazara, kuma Hausa ta riga ta ba mu ita: ji da sauraro. Ƙara takan faɗo kunnenka ko ba ka so, wannan "hear" ne. Sauraro kuwa sai da niyya. Ka nemi wannan a jerin da ke wayarka, da wuya ka same shi.

Kunnenmu ma yana da nasa tarkon, sai dai ba irin na Bature ba. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f" a matsayin baƙaƙe biyu masu sauya ma'ana, shi ya sa "defend" da "depend" suke cakuɗe mana, har abin ya bi mu zuwa kan takarda. Kāre mutum da dogara da mutum kuwa ba abu ɗaya ba ne, musamman a takardar da za a kai gaban hukuma. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Muna da dogon wasali da gajere, amma a Hausa dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Faɗi "gida", sannan ka faɗi "gidan", za ka ji wasalin ƙarshe ya gajarce da kansa. Turanci kuwa ya cika da dogayen wasula a rufaffiyar gaɓa. Bakinmu sai ya gajarce su yadda ya saba, "leave" ta koma "live", "seat" ta koma "sit", "reach" ta koma "rich". Mutum ya rubuta "I want to live this job" yana nufin zai bar aikin, mai karatu ya fahimci kusan akasin haka.

Amma kunnen nan da ke ɓatar da mu a wani wuri, shi ke ceton mu a wani. Kurakuran ƙanena biyu duk maganinsu yana bakin Bahaushe. Ba wanda zai rikita "sane" da "zane", ko "sauna" da "zauna". To "loose" da sautin "s" take ƙarewa, ma'anarta sako-sako, abin da bai ɗauru ba. "Lose" da sautin "z" take ƙarewa, ita ce yin asara ko ɓatar da abu. Haka "advice" mai sautin "s" suna ce, wato shawara, "advise" mai sautin "z" aikatau ce, ba da shawara. In ka furta su daidai sau goma da ƙarfi, hannunka zai bi bakinka.

"Affect" da "effect" fa? Su kam kowa suna wahalar da shi, mu da Turawan. Duk daga Latin suka fito, saiwarsu ɗaya mai nufin aikatawa. A mafi yawan rubutu "affect" aikatau ce, shafar abu, "effect" kuma suna ce, tasiri ko sakamako. In za ka iya sa "the" ko "an" a gabanta, to mai "e" ce. Akwai togaciya, domin ana cewa "to effect a change", ma'ana a tabbatar da sauyin ya auku, amma kada togaciyar ta firgita ka, ba kullum za ka buƙace ta ba. Wannan tambaya ta "wane aiki kalmar take yi a jimlar nan, suna ce ko aikatau" ita ce mabuɗin kusan rabin rikicin. Ita ce ke raba "practice" da "practise", da "licence" da "license" a Turancin Ingila, inda mai "c" take suna, mai "s" take aikatau. Amurkawa kuwa, waɗanda rubutunsu ya ɗauki hanyarsa tun zamanin ƙamus ɗin Noah Webster na 1828, "practice" suke rubutawa a duka biyun, "license" ma a duka biyun. Ka zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kai daga farkon takarda har ƙarshenta.

Sauran irin su "principal" da "principle", ko "compliment" da "complement", ba wata dabara, ƙamus ne kawai. "Stationery" dai, wato kayan rubutu, tana da ɗan tarihi mai taimakawa: daga "stationer" ta fito, mai sayar da littattafai da takardu da ke zaune a wuri ɗaya ba ya yawon talla. Mai "er" ke sayar da mai "ery". "Stationary" kuwa abin da ke tsaye cak ne.

Akwai inda nake saɓa wa masu gyaran Turancin mutane, kuma zan faɗa. Ba duk ƙa'idoji ne nauyinsu ɗaya ba. Dokar nan ta cewa "fewer" ce kawai ta abin da ake ƙirgawa, "less" ta abin da ba a ƙirgawa, ana danganta asalinta ga wani marubuci, Robert Baker, wanda a 1770 ya bayyana ta a matsayin abin da ya fi masa daɗi, alhali Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna amfani da "less" da abin ƙirge. A rubutun hukuma ko na makaranta ka bi ta, domin masu dubawa suna kula. Amma wanda ya ce "less people" an fahimce shi sarai. Wanda ya rubuta "depend" a wurin "defend" kuwa ya sauya magana. Kuskuren da ke juya ma'ana shi ya kamata ya fara cin lokacinmu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake tozarta mutane a Facebook saboda irin wannan. Mutum ya yi ta maza ya rubuta ra'ayinsa da harshen da ba nasa ba, sai a bar maganar da ya kawo a tattaru a kan harafi ɗaya ana dariya. Na san masu basira da suka daina rubutu ɗungurungum saboda haka. In ka ga kuskure kuma kana son gyara, bi shi ta akwatin saƙo, ka gaya masa dalili. Kuma mu da muke gyaran, mu tuna yadda muke rubuta Hausarmu. Sau nawa muke rubuta "baki" muna nufin "baƙi", ko "kara" muna nufin "ƙara"? Wanda ya san zafin a rikita masa waɗannan ya riga ya san me ya sa "lose" da "loose" suke da muhimmanci.

Shawarar da na ba ƙanena ita ce ya buɗe littafi nasa na kansa. Duk kalmar da aka gyara masa ya rubuta ta, ya rubuta jimlar da ya yi kuskuren a ciki, sannan ya ƙirƙiri sabuwar jimla daga rayuwarsa. Mutum ba ya rikita kalmomi ɗari, yawanci goma ne ko sha biyar suke ta dawo masa. Na ce kuma ya nemi ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, ya riƙa karanta jimlolin misali, kada ya tsaya a ma'ana kawai. Kuma kafin ya aika kowace takarda, ya sa kwamfuta ta nemo masa kalmominsa masu taurin kai ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowacce aikin da take yi a wurin, sannan ya karanta takardar a bayyane.

Makon jiya ya sake turo mini wata. "Lose" ta zauna daidai, "advise" ma haka. Sai dai a layin ƙarshe ya rubuta "thank you for been patient". Na kira shi, na ce ya ɗauko littafin nasa, muka zauna a kan "been" da "being": ta farko tana bin "have" da "has" da "had", ta biyu ita ce ke zuwa bayan "for". Ya rubuta, ita ce ta goma sha ɗaya a shafinsa.