Kwana uku ana ce mini rezo ne

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ɗan shagona yana unguwar Zariya nan Maradi, kwamfuta huɗu da injin buga takarda ɗaya, da su nake ciyar da iyali. Babban abin da ke kawo mini kuɗi shi ne shigar wa ƴan kasuwa takardunsu a shafin wani ofishi. Ranar Litinin da hantsi Alhaji ya aiko yaronsa da takardu, na buɗe Chrome, sai shafin ya ƙi, ya bar ni da ERR_BAD_SSL_CLIENT_AUTH_CERT. Na kira lambar da suka ba mu. Wanda ya ɗauka ko bari bai yi na karanta masa rubutun ba, ya ce, "Malam, rezo ne, ka jira." Wane irin rezo, alhali yaro na kallon YouTube a kwamfutar da ke gefena?

Duk da haka kaina na fara tuhuma. Agogo na fara dubawa, don kwamfutocinmu tsofaffi ne. In ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, da zarar an ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya, burauza kuma ta ƙi yarda da takardar shaidar kowane shafi. Na kwance murfi, na hure ƙura, na sa sabo. Shiru. Na bar tsohuwar mai Windows 7, tunda Chrome ɗinta ya tsaya a 109 tun farkon 2023, na koma kan sabuwar. Irin wannan wahala na sha ta a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da wa'adin wata tsohuwar uwar shaida da Let's Encrypt, masu ba shafuka takardar shaida, ke dogaro da ita ya ƙare, tsofaffin na'urori suka yi ta ƙin buɗe shafuka. Wannan karon ba ita ba ce.

Shaidar nan iri biyu ce, kuma abin takaici shi ne mai amsa waya a ofishin bai ma bambance su ba. Akwai wadda shafi ke nuna wa burauza, akwai wadda ni nake nuna wa shafin, kamar yadda jandarma ke karɓar katinka a hanyar Ɗan Isa kafin ya ɗaga maka igiya. Tawa ce aka ƙi. Su suka ba ni ita, ɗan fayil mai .p12 a ƙarshe, da kalmar sirri a guntuwar takarda.

Daren Talata, ina ƙona man janareta, na shigar da fayil ɗin cikin Firefox, don ita tana da nata ma'ajin shaida. Na buɗe bayanansa, sai ga shi ɓaro-ɓaro: wa'adinsa ya ƙare tun Lahadi. Su suka rubuta ranar da hannunsu! Ba kira, ba saƙo, ba komai.

Laraba na hau kabu-kabu cikin rana na tafi. Awa biyu ina kan benci, sannan wata baiwar Allah ta leƙo ta ce mai sabuntawa ya tafi Yamai, sai mako mai zuwa. Na ce, "Hajiya, duk ofishin nan mutum ɗaya ne ya iya?" Ta ce in yi haƙuri. Haƙurin ne zai maido mini jaka biyar ɗin da na kashe a forfe da mai?

Saƙo ɗaya a waya, mako guda kafin wa'adi ya cika, nawa zai ci musu? Lambobinmu na hannunsu, ranar karɓar kuɗi ba sa mantawa da su. Ɗazu bayan la'asar yaron Alhaji ya zo ya kwashe takardun, ko zama bai yi ba. Shekara shida ina yi wa gidan nan aiki.