Wa ke koyon riƙon gidan zu a ƙasar nan?

Ranar 10 ga Satumba 2024, bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. Cikin hotunan da suka yi ta yawo a wayoyin mutane har da na wata jimina tana ratsa titi cikin ruwa kamar mai neman hanyar gida. Hukumar gidan zu na Sanda Kyarimi ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinta sun mutu, ta kuma ja kunnen jama'a cewa kadoji da macizai sun bi ruwa sun shiga unguwanni. A ranar da mutane ke neman 'ya'yansu ba wanda zai zauna makokin barewa, kuma ban ga laifin kowa ba a nan. Ma'aikatan gidan ma nasu gidajen ruwan ya ci. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: a duk faɗin ƙasar nan, wace makaranta ce ke zaunar da mutum ta koya masa yadda ake riƙe gida mai zakuna da kadoji a tsakiyar gari, har da abin da zai yi ranar da ruwa ko wuta ta zo?

A wasu ƙasashen wannan karatu ne mai zaman kansa. Jami'ar Jihar Kolorado da ke garin Fort Collins a Amurka tana ba da digiri na biyu kan tafiyar da gidajen zu, da gidajen kifin kallo, da gidajen ajiye dabbobin da ba su da mai su. Ɗalibin yana karanta halayyar dabba da abincinta da lafiyarta, yana kuma karanta lissafin kuɗi da sarrafa ma'aikata, sannan dole ya je ya yi aiki a irin gidan kafin ya kammala. A tsibirin Jasi da ke tsakanin Ingila da Faransa, gidan zu ɗin da masanin dabbobi Gerald Durrell ya kafa a 1959 ya buɗe cibiyar horarwa tun 1984, kuma 'yan Afirka da dama sun bi ta can. Da na fara jin labarin digirin Kolorado sai da na yi dariya, na ce abin masu ƙoshi ne. Yanzu na sauya ra'ayi. Mu ne ma muka fi su bukatarsa.

A wajenmu idan aka ce gidan dabbobi, sai a ce a nemo likitan dabbobi. Likita wajibi ne, amma aikinsa yana farawa ne bayan ɓarna ta auku. Kafin kura ta kwanta ciwo akwai wanda ya yanke shawarar girman ɗakinta, da wanda ya sayo naman da ta ci, da wanda ya bari yara suka yi ta tsokanarta yini guda. Waɗannan duka aikin shugaban gida ne, kuma ba a koyar da su a ɗakin tiyata.

Na kai yara wani gidan zu kashegarin wata Sallah. Layin sayen tikiti har bakin titi. A ciki, gaban kejin birai, mutane sun yi dafifi, wannan ya jefa biskit, wancan ya jefa ledar ruwa, wani biri ya zauna yana yagar ledar yana haɗiyewa. Can gefe wani saurayi ya samo kara yana zungurar kura don ta tashi a ɗauke shi hoto. Mai gadin ɓangaren dattijo ne shi kaɗai, muryarsa har ta dushe. Na ce masa, "Baba, sannu da fama." Muka ɗan taɓa hira. Ya san kowace dabba da halinta, ya san wadda ta ƙi cin abinci tun shekaranjiya. Da na tambaye shi inda yake rubuta irin wannan, sai ya nuna kansa da yatsa. Wato ranar da Baba ya yi ritaya, tarihin dabbobin nan zai bi shi gida.

Ranar da aka fi samun kuɗi ita ce ranar da dabbobi suka fi wahala, kuma ita ce ranar da haɗari ya fi kusa. Wanda ya karanci aikin zai san mutum nawa filin zai ɗauka a lokaci guda, ya ƙara shinge na biyu tsakanin keji da 'yan kallo, ya ɗauki ma'aikatan wucin gadi na kwana uku. Ba wani abin al'ajabi a ciki. Ba a dai ɗora wa kowa ba ne.

Maganar ƙofa ta fi wannan nauyi. A Disamba 2015 zaki ya kuɓuce a gandun namun daji na Jos, aka ƙare da harbe shi. A Oktoba 2019 wani ya kuɓuce a gidan zu na Kano, aka kwashe kusan kwana biyu kafin ya koma keji. A Fabrairu 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mutumin da ya yi shekaru yana kula da zakunan tun suna 'yan jarirai. Watanni bakwai bayan haka aka sake yin irinsa a gidan namun daji na ɗakin karatun Obasanjo da ke Abeokuta, wajen ba da abinci. Duk lokacin da haka ta faru sai mu ce ƙaddara, ko sakacin mamaci, a rufe magana. Alhali ƙa'idar aikin sananniya ce a duniya: ɗakin zaki gida biyu ne da ƙofa mai zamewa a tsakani, wadda ake ja daga waje, a kora shi ɗaya ɓangaren, a kulle, mutum na biyu ya duba kwaɗon da idonsa, sannan a shiga. Mutum da zaki ba sa haɗa ɗaki, ko da shi ya raine shi da madara. Sabo da maza jari ne, amma sabo da zaki ba jari ba ne. Mai riƙe da makulli ƙaramin ma'aikaci ne. Wanda zai rubuta ƙa'idar, ya gina ƙofar, ya kuma hukunta mai karya ta tun kafin jini ya zuba, shi ne ba mu horar ba.

Sai kuɗi. Kowa na tuna Yuni 2019, lokacin da aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na cinikin Sallah a gidan zu na Kano, har gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Mun sha dariya, duniya ta taya mu. Amma a bar birin a gefe: me ya sa tsabar kuɗi mai yawa haka za ta kwana a ofis? Babban zaki na cin nama wajen kilo 7 a rana, giwa kan ci ganye sama da kilo 100. Cikinsu bai san an makara wajen sakin kuɗi daga ma'aikata ba. Shugaban gidan zu yana bukatar ya iya tsara kasafin shekara, ya ƙulla yarjejeniya da mahauta da manoma, ya kare buƙatarsa gaban kwamishina da alƙaluma, ya kuma san lokacin da zai ce a'a idan wani babba ya kawo kyautar dabbar da gidan ba zai iya ciyarwa ba.

Rubuta bayanai kuwa ba ƙawa ba ce. A 2002 an kai 'ya'yan goggon biri huɗu gidan zu na Taiping a Malesiya da takardun da ke cewa an haife su a gidan zu na Jami'ar Ibadan, alhali daga daji aka kamo su. Sai a 2007 aka mayar da su cibiyar Limbe a Kamaru. Inda kowace dabba ke da fayil, da ranar zuwanta da asalinta, irin wannan ƙarya ba ta da wurin ɓuya. Nan ne kuma batun gidan ajiye dabbobi ya shafe mu. Na Amurka karnuka da kyanwoyi ke cika su. Namu matsalar ita ce aku da birai da 'yan kwastam ke ƙwacewa daga masu fasa-ƙwauri: an kama, an ɗauki hoto, to ina za a kai su? Cibiyar Drill Ranch ta Kalaba, mai kula da biran da aka ceto, ta nuna ana iya yi, amma 'yan irinta ba su da yawa. Gidan kifin kallo ba sai na tsawaita ba, kusan babu shi a Arewa, kuma duk mai son buɗewa ya fara da tambayar abin da zai faru da famfon iska idan aka ɗauke wuta.

Na san abin da za a ce: ƙasar da ake fama da abin sawa a tukunya, kuma kwalaye sun yi mana yawa, me za a yi da sabon digiri? Rabin maganar gaskiya ce. Idan digirin zai zama na allo da alli, ɗalibi ya gama bai taɓa share kejin kura ba, gara a bar shi. Sauran rabin kuwa, gidajen nan suna nan ko mun so ko mun ƙi, a Kano da Jos da Maiduguri da Ibadan, har da na gidan tarihin Bubu Hama a Yamai. Ko dai a rufe su, ko a riƙe su da sani. Barin su a tsakani shi ne mafi tsada.

Kuma ba daga tushe za a fara ba. Akwai Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya a New Bussa kusa da gandun Kainji, akwai sashen namun daji a Jami'ar Ibadan, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga sassan koyar da kasuwanci a kowace jami'a. Sai dai karatun namun dajinmu ya fi karkata ga daji, ga dabbar da ke yawonta. Dabbar da ke bayan waya, tana jiran mutum ya kawo mata ruwa, ilimi ne daban. Jami'a ɗaya ta isa ta haɗa waɗannan sassan, ta ɗauki ɗalibai kaɗan a shekara, rabin lokacinsu a cikin gidan zu, da takalmin roba.

Sharaɗi biyu nake gani. Gwamnatocin jihohi su mayar da kujerar shugaban gidan zu ta mai wannan horo, a tallata ta a yi jarrabawa, kada ta zama ladan wahalar siyasa. In ba haka ba masu digirin za su ƙare a banki. Na biyu, a sa irin su Baba cikin masu koyarwa, da alawus ɗinsu. Aikin farko da zan ba kowane ɗalibi shi ne ya ɗauki littafi da biro ya bi dattijon keji-keji na wata uku, ya rubuta duk abin da ke cikin kan nan da ya nuna mini da yatsa.