Ƙashin da aka tsinta a Galma: a fara tambayar dutse

Wani ɗalibina ya turo mini hoton wani baƙin ƙashi mai nauyi da masu haƙar yashi suka tsinta a kogin Galma da ke Zariya, yana tambaya ko gaskiya ne abin da ake yaɗawa cewa haƙarƙarin wata dabbar teku ce mai shayarwa da ta mutu tun miliyoyin shekaru. Tambayar ta faranta mini rai, amma saurin yanke hukuncin da na gani ya dame ni ƙwarai.

A ganina, kafin a binciki ƙashin, a fara tambayar irin dutsen da kogin ya ratsa. Zariya tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri irin na Kufena, waɗanda suka samu daga narkakken dutse da tsananin zafi a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, kuma irin wannan dutse ba ya adana ƙashi. Burbushin halittu yana samuwa ne inda laka da yashi suka kwanta hawa-hawa suka binne gawa. Sakkwato tana da irin wannan ƙasa, domin teku ta taɓa mamaye yankin, har aka haƙo ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Sai dai ita dangin ƙadangaru ce, ba mai shayarwa ba.

Najeriya tana da nata burbushin mai shayarwa na teku. A 1920 masanin Ingila Charles Andrews ya bayyana muƙamuƙin wani tsohon kakan manyan dabbobin teku da aka samu a Ameke, kudu maso gabashin ƙasar nan, ya sa masa suna Pappocetus lugardi don girmama Gwamna Lugga (Lugard). Yana ajiye a Landan, abin da har yau yake yi mini ciwo.

Baƙi da nauyi kaɗai ba hujja ba ne. Ƙashin saniya ko na raƙumi idan ya jima a cikin laka, sinadaran ruwa sukan rina shi har ya yi kama da dutse. Abin dubawa shi ne cikinsa: haƙarƙarin ayu da danginsa cushe yake, ba shi da kogon ɓargo, shi ya sa yake da nauyin ban mamaki, alhali na dabbobin tudu yana da ƙananan ramuka a ciki. Ko ya tabbata na ayu ne, ayu yana raye a Binuwai da Neja, kuma masu magani suna yawo da sassansa kasuwa-kasuwa, don haka hannun mutum yana iya kawo shi nan.

Na roƙi ɗalibin nawa ya hana a fasa shi ko a niƙa shi, ya rubuta ainihin wurin da zurfin da aka same shi, ya ɗauki hotonsa kusa da abin awo, sannan ya raka masu yashin su kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a kuma rubuta sunayensu a matsayin waɗanda suka gano shi.